Na roƙi Allah alama, alamar ta zo, amma hankalina ya ƙi kwanciya

Akawu41:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Yau kwana shida ke nan ba na barcin kirki, kuma maganar ba wadda zan iya kai wa abokan aikina ba ce, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Shekarata 41. Akawu ne ni, shekara 12 ina kamfani ɗaya mai sayar da kayan gini. Na shiga ina yankan rasit, yanzu ni ke haɗa lissafin ƙarshen wata, da albashin ma'aikata, da takardun haraji. Matata ma'aikaciyar jinya ce. 'Ya'yanmu uku, babbar za ta rubuta jarrabawar gama sakandare baɗi, autan kuma shekararsa huɗu, yana fama da asma.

Wata biyar da suka wuce shugaban sashenmu ya yi ritaya. Ba ni kaɗai ba, kowa a ofis ya ɗauka kujerar tawa ce. Ranar da manaja ya tara mu, har sabuwar riga na sa, abin kunya. Sai ya kira sunan wani yaro wanda ni na zaunar da shi na koya masa yadda ake daidaita takardar banki da littafin kamfani. Na tafa. Na ma riga kowa miƙa masa hannu. Da aka tashi na shiga mota, na riƙe makulli a hannu, na yi kusan minti arba'in ban tayar da ita ba.

A daren nan na fara aika takardun neman aiki. Wani babban kamfani ya kira ni ganawa, a wani gari mai nisan awa tara a mota. Da na fito daga ganawar sai na yi addu'a na ce, Ubangiji, in wannan aiki nufinka ne, bari su kira ni kafin ranar Juma'a. Ranar Alhamis ƙarfe uku na yamma waya ta shigo. Shugaban sashen kuɗi, albashi ya kusa ninka wanda nake karɓa, wata shida na gwaji, kuma suna son amsa cikin kwana goma. Iyali ba za su iya bi na ba sai aƙalla yarinyar ta gama jarrabawa, canjin wurin aikin matata kuma ba abu ne na yau ko gobe ba.

To, na roƙi alama, an ba ni. Me ya sa ƙirjina yake min nauyi kamar an ɗora dutse? Sau uku ina rubuta takardar ajiye aiki a kwamfuta ina gogewa. Wani lokaci in ce Shaiɗan ne yake sa mini tsoro don kada in shiga ƙofar da Allah ya buɗe. Wani lokaci in ce Ruhu Mai Tsarki ne yake ja mini birki. Ta yaya mutum zai bambanta? Saura kwana huɗu.

TsohonMalami:

Ɗana, sannu da wannan nauyi. Na karanta maganarka sau biyu. Ka yi haƙuri da ni, tsoho ba ya iya gajarta zance.

Alamar nan taka ita zan fara taɓawa. Na san daga wurin Gidiyon ka aro ta, dukanmu mun taɓa yi. Amma koma ka karanta Littafin Mahukunta sura 6 a hankali. Kafin ya shimfiɗa ulun nan a masussuka, Allah ya riga ya faɗa masa baki da baki ya tafi ya ceci Isra'ila daga Madayanawa, ya ce yana tare da shi, har wuta ta fito daga dutse ta cinye hadayarsa a gaban idonsa. Gidiyon ya san nufin Allah sarai, tsoro ne ya hana shi motsi. Shi kansa ya san ya wuce gona da iri, shi ya sa a karo na biyu ya fara da roƙon kada Allah ya yi fushi da shi. Sannan dubi irin abin da ya roƙa: raɓa ta jiƙa ulu har a matse ruwa cike da kwano, ƙasa kuwa a bushe, washegari ulu a bushe, ƙasa a jiƙe. Wannan ba ya faruwa da kansa. Kai kuwa me ka roƙa? Kamfanin da yake neman ma'aikaci, ya gana da mutum mai gogewar shekara 12, in bai kira shi cikin mako ba me zai tsaya yi? Ka ɗaura wa Allah sharaɗin da kusan tabbas zai cika, domin amsar da kake so ke nan.

Ba zarginka nake yi ba. Ina da shekara 34 na yi faɗa da shugaban makarantar da nake koyarwa, a kan abin da yanzu ko tuna shi sosai ba na yi. Cikin mako biyu na ajiye aiki na shiga wata sana'a da wani abokina. Na tsaya a gaban jama'a na ba da shaida cewa Allah ya buɗe mini hanya. Shekara biyu na yi ina ƙirga kaya a sito, kullum in na ji ƙararrawar wata makaranta da ke kusa sai cikina ya juya. Da na koma koyarwa, daga ƙasa na sake farawa. Sana'ar ba ta da laifi, abokina har yau yana cin abinci da ita. Ni dai ba zuwa wurinta na yi ba, gudun fuskar mutum ɗaya na yi.

Mutumin da nake so ka duba shi ne Nehemiya. Shi ma babban aiki gare shi, mai shayar da sarki Artashate a fadar Shushan. Labarin rushewar garun Urushalima ya same shi a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarki ba sai a watan Nisan. Wata huɗu ke nan yana azumi da addu'a. Amma ba addu'a kaɗai ya yi a watannin nan ba, domin da sarki ya tambaye shi tsawon lokacin da tafiyar za ta ci, yana da amsa a baki. Ya nemi wasiƙu zuwa ga masu mulkin yankunan da zai ratsa. Ya san har sunan mai tsaron kurmin sarki, Asaf, wanda zai ba shi katako. Da ya isa ma, sai da ya fita da dare ya zaga garun da idonsa kafin ya faɗa wa kowa abin da ya kawo shi. Garun da aka gama cikin kwana 52, shirinsa ya fi gininsa daɗewa.

Kai akawu ne. Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Shekara 12 kana yi wa wasu lissafi, naka kuma ka bar wa kiran waya na ranar Alhamis. Tambayi kanka wannan, ka amsa tsakaninka da Allah: da kujerar nan kai aka ba wata biyar da suka wuce, da ka aika takarda ko ɗaya?

MamanTagwaye:

Ɗan'uwa, na ga ka faɗi shekarun yara, ka faɗi awa tara, ka faɗi ƙarfe nawa aka kira ka. Abu ɗaya ne ban gani ba: me matarka ta ce?

Ni na zauna a ɗaya ɓangaren, shi ya sa nake tambaya. Maigidana ya karɓi aiki a nesa tagwayenmu suna wata takwas. Ya ce shekara ɗaya ce. Shekara shida ta zama. Ba zan yi ƙarya in ce ba mu amfana ba, da aikin nan muka biya makarantar yara, muka fita daga haya. Amma akwai daren da zazzaɓi ya sa ɗayan ya fara jijjiga, ƙarfe biyu na dare, na goya shi, na rungumi ɗan'uwansa, na tsaya ina buga ƙofar maƙwabci da ƙafa domin hannuwana duka a cike suke. Akwai kuma ranar da babansu ya dawo hutu, ƙaramar 'yarmu ta gudu ta ɓuya bayan labule, ta ce baƙo ya zo. Ya yi dariya a gabanmu. Da dare na ji shi yana kuka a banɗaki.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne, sai da ya sa hannu a takarda kafin ya faɗa mini, kuma da ya zo faɗa sai ya ce Allah ya riga ya nuna masa. To me zan ce? In yi gardama da Allah? Maza, don Allah ku daina wannan. In ka ce wa mace "Ubangiji ya faɗa mini," ka rufe mata baki ke nan, alhali ita ma tana addu'a, ita ma Ruhun nan yana cikinta. Allah da kansa ya taɓa ce wa Ibrahim ya saurari maganar Saratu, yana nan a Farawa 21.

Matarka ma'aikaciyar jinya ce, ke nan tana aikin dare. Ran da take asibiti numfashin autanku ya sarƙe, wa zai sa masa abin shaƙa? Yarinyar da ke shirin jarrabawa? Ba na cewa kada ka tafi. Ina cewa wannan tambayar tana buƙatar sunan mutum a matsayin amsa, ba "Allah zai tanada" ba. Allah yana tanadi, amma sau da yawa ta hannun mutumin da aka zauna aka roƙa tun da wuri.

Ka zaunar da ita yau, ka ajiye takardar a gabanta, ka ce ban yanke ba. Amma sai in da gaske ba ka yanke ba, domin mu mata muna ganewa.

Injiniya_T:

Baba da Mama, ku gafarce ni, ni ƙarami ne a nan, amma ina ganin an kusa sa yayanmu ya ji kamar son ci gaba zunubi ne.

Yaya, batun kwanciyar hankali nake so in taɓa, domin a kansa ka rataye komai. An koya mana cewa in abu nufin Allah ne za ka ji salama, in ba ka ji ba to ka tsaya. Ni ban yarda wannan ma'auni ne mai kyau ba. Yunusa yana gudun umarnin Allah, ya shiga jirgin Tarshish, hadari yana neman farfasa jirgin, shi kuwa yana can ƙasa yana sharar barci har sai da shugaban jirgi ya tashe shi. Yesu kuma a Getsamani, yana tsakiyar nufin Uban, ya ce ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu. In da salamar zuciya ce ma'auni, da Yunusa ne mai gaskiya. Duk wanda zai bar wurin da ya yi shekara 12 dole cikinsa ya ɗuri ruwa. Ni da na canza aiki bayan shekara uku kacal, mako guda na yi ina zawo, ku yi haƙuri da kalmar.

Na yarda da Baba cewa fushi ne ya sa ka fara nema. To sai me? Abin da ya tayar da kai daban, ingancin inda za ka daban. Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a kan Markus har suka rabu, Barnaba ya nufi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Ba wanda zai ce faɗan abin yabo ne, amma tawaga ɗaya ta zama biyu. Wataƙila da ba a tsallake ka ba, da ka tsufa a kan teburin nan kana haɗa albashin wasu. Kuma albashi mai kyau ba abin kunya ba ne ga mai 'ya'ya uku, ɗaya tana bakin jami'a, ɗaya yana shan magani kullum. Wasiƙar da ta ce son kuɗi tushen mugunta ne, ita ce kuma ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Duka a 1 Timoti suke, sura 6 da sura 5.

Abin da zan ce ka yi gobe da safe: ka kira su ka nemi ƙarin mako ɗaya ko biyu. Kamfanin kirki ba ya janye tayin babban muƙami don mutum ya ce zai shawarci iyalinsa, in kuwa suka janye, sun nuna maka halinsu a kyauta. Ka karɓi cikakkiyar takardar yarjejeniya ka karanta layi-layi, musamman abin da ta ce a kan wata shidan gwaji: da wane ma'auni za a tabbatar da kai, kuma in ba a tabbatar ba, notis na kwana nawa? Ka cire kuɗin haya na biyu, da na zirga-zirgar awa tara, da na tukunya biyu, ka ga ko "kusan ninki" yana nan. Sannan ka binciki wanda ya bar kujerar, me ya kore shi. Kujerar kuɗi ba ta zama fanko banza.

Katikis:

Ɗan'uwa cikin Kristi, abu biyu zan ƙara, daga mutanen da suka riga mu.

Ignatius na Loyola soja ne ɗan Sifaniya. A 1521 harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona, a kan gadon jinya rayuwarsa ta juya, shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika. Ya bar wa masu neman nufin Allah wata ƙa'ida da ta taimake ni sau da yawa: lokacin da rai yake cikin duhu da ɗaci, kada mutum ya sauya abin da ya tsayar lokacin da yake cikin haske. Ya jira guguwar ta lafa. Ya kuma ba da wata dabara: ka ɗauka wani mutum ne da ba ka taɓa gani ba ya zo maka da wannan matsala, kana kuma so masa alheri. Me za ka ce masa? To faɗa wa kanka shi. Gwada karanta abin da ka rubuta a sama kamar wani ne ya rubuta.

Na biyu, William Wilberforce na Ingila. Ya shiga majalisar dokoki a 1780 yana da shekara 21. Da bangaskiya ta kama shi da gaske, sai ya yi tunanin barin siyasa gaba ɗaya. A ƙarshen 1785 ya je wurin John Newton, tsohon kyaftin ɗin jirgin bayi da ya tuba ya zama fasto a Landan. Newton ya ce masa ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. Ya zauna. A 1807 aka haramta cinikin bayi a daular Birtaniya, bayan shekaru kusan ashirin yana kai ƙudurin ana kayar da shi. Ba na kawo wannan don in ce kai ma ka zauna ba. Abin lura shi ne, mutum mai kaifin basira irin wannan bai amince da zuciyarsa ita kaɗai ba, ya je ya buga ƙofar dattijon da zai iya ce masa a'a. Kana da irin wannan mutum? Ba wanda zai ce "amin" ga duk abin da ka kawo ba.

Kuma ka rage wa kanka tsoron cewa in ka kuskure ƙofa ɗaya shi ke nan ka fita daga shirin Allah har abada. A Ayyukan Manzanni 16 Bulus ya nufi lardin Asiya, Ruhu ya hana. Ya gwada Bitiniya, aka sake hana shi. Sai da ya gangara Taruwasa kafin ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Manzo guda ya nufi hanya sau biyu ba ita ba ce, aka juya shi yana cikin tafiya.

Akawu41:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku. Ga inda aka kwana.

Baba, amsar tambayarka a'a ce. Da ni aka ba kujerar, da ko takarda ɗaya ban aika ba. Na daɗe ina kallon wannan amsa kafin in iya rubuta ta.

Mama, kin kama ni. Na faɗa mata tun ranar Alhamis, amma da irin kalmomin da kika ce. Jiya da dare na sake zama da ita. Tana ninke kayan yara, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Tambayata kake yi ko sanar da ni kake yi?" Na ce tambaya. Sai ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce ita ba tafiyar take tsoro ba, domin wata biyar ke nan da na bar gidan, gangar jikina kawai ke dawowa da yamma. Ta ce in tafiyar za ta dawo mata da mijinta, za ta nemi a cire ta daga aikin dare, ƙanwarta kuma ta zo ta zauna da mu. In kuwa zan ɗauki ɗacin nan in kai shi can, gara in zauna mu san abin da muke jinya. Mun yi addu'a tare, rabonmu da haka har na manta.

Ƙanena Injiniya, sun ba ni ƙarin mako guda ba tare da wata gardama ba. Da na cire haya da mota da sauransu, ninkin ya koma ƙarin kamar kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya bar kujerar na same shi a waya ta hannun wani abokin karatuna. Shi ne na uku cikin shekara huɗu. Ya ce a da ana fitar da kuɗi ba takarda, ƙarshen shekara a ce ka sa littafi ya daidaita. Amma ya ce sababbin masu hannun jari sun shigo, sun kawo masu binciken kuɗi daga waje, shi ya sa ake neman wanda zai tsaya da ƙafarsa. Ban san ko wannan gargaɗi ne ko kira ba.

Akwai abin da ban faɗa muku ba a farko. Makonni uku da suka wuce na ga kuskure a lissafin harajin da yaron nan ya haɗa, na yi shiru ina jira ya fashe a kansa. Yau da safe na shiga ofishinsa na nuna masa. Ya miƙe tsaye yana ta godiya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage. Daga nan na wuce wurin manaja, na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun wata biyar: me ya sa ba ni ba? Ya ce hukumar gudanarwa ta ce sai mai takardar shaidar ƙwararrun akantoci. Yaron yana da ita. Ni shekara bakwai ke nan ina cewa zan gama matakin ƙarshe. Da na koma na buɗe yarjejeniyar sabon wurin, sai ga shi a shafi na huɗu: tabbatarwa bayan gwaji ta dogara ga gabatar da wannan takardar.

Ranar Laraba zan ba su amsa, gobe kuma zan ga wani dattijo a ikilisiyarmu wanda ba ya jin nauyin faɗa mini gaskiya. Kafin nan, akwai wanda ya rubuta matakin ƙarshen jarrabawar nan yana kuma aiki cikakke? Wata shida zai isa, ko in nemi su rubuta mini shekara ɗaya a cikin yarjejeniyar?